Kafin in sayi kabon: lissafin hawan dutsen Aburi

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

To bismillah. Abin da yasa na fara wannan rubutu gardama ce da taƙi ci taƙi cinyewa a bes ɗinmu, wato majalisar da muke zama a Nima cikin Accra, kullum aka ɗora ataya sai wani ya tono ta, ni nace keke ne yake kashe ni a dutse su kuma sunce tumbina ne. Wata takwas kenan ina zubin susu, wato adashi, don in sayi keken kabon, irin marar nauyin nan na 'yan tsere, na tara sidi 7,400, wanda na gani a wani shagon hom yus na kayan gwanjo kuma 18,000 aka sa masa, da na taya ko ɗago kai mai shagon baiyi ba. Wanda nake hawa yanzu tsohon alminiyam ne mai giya takwas a baya, Shimano Claris. Jiya na kaishi wajen 'yan kondem masu sayen tsohon ƙarfe muka rataya a sikelinsu, kilo 11 da rabi. Ni kaina 84. Na abokina mai kabon kilo 8 cif, shi kuma mutumin 66, kamar sandar rake.

Kawu mai gyaran keke ne ya raba mu. Shi baya zama bes, wucewa yazo yi yaji hayaniya, ya tsaya ya gama saurare sannan yace min "Tela, inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Dutsen Aburi yana nan bai je ko'ina ba." Sharaɗinsa: wata huɗu kar in taɓa kuɗin susu, duk Lahadi bayan asuba in hau daga tsohon tol but na Ayi Mensah zuwa inda masu kwakwa ke tsayawa gab da Peduase, wuri ɗaya farawa wuri ɗaya gamawa, in zan canza wani abu a jikin keken ko a jikina in canza ɗaya-ɗaya, kuma in rubuta. Yace in wata huɗu ya cika na ga har yanzu kabon nake so shi da kansa zai raka ni ya duba min firam ɗin kar a sayar min da mai tsagewa.

Yau muka fara. Daga Nima mu bi ta asibitin 37, Tetteh Quarshie, Madina, Adenta, Oyarifa, kafin mu kai gindin dutsen gari ya waye. Minti 24 da sakan 10. Mai kabon 19 da 40, na iske shi har ya shanye kwakwarsa yana kankare naman ciki. A kwanar ƙarshe wata mata cikin masu tattakin motsa jiki ta jera dani kusan taku ashirin tana min sannu da Twi, wallahi ji nayi kamar ƙasa ta tsage.

Lahadi, 12 ga Janairu

Yau munyi musaya, ni na hau kabon shi ya hau tsohona. Jiya ko barcin kirki banyi ba don murna, a raina na riga na gama lissafi minti uku zan zubar.

23 da 25. Sakan 45 kacal. Shi kuma akan keken da nake zagi safe da yamma yayi 20 da 30, wato ya bani kekensa na miliyoyin tsohon kuɗi kuma duk da haka ya bani ratar kusan minti uku.

Da rana na biya ta wajen Kawu, ya yago bayan kwalin tif ya min lissafi da biro. Yace dutse bai san wane ne keke wane ne mutum ba, duka yake aunawa tare. Ni da kekena kilo 95 da rabi, ni da kabon 92, bambancin uku da rabi, bai kai kashi 4 cikin 100 ba, to ka cire wannan daga minti 24 me ya rage maka in ba sakan hamsin da wani abu ba. Ya ƙara da cewa ko manyan da muke kallo a Tour de France akwai iyakar da aka yanka musu, hukumar tseren keke ta duniya UCI tun shekarar 2000 ta hana keken tsere ya gaza kilo 6.8, to ko da nine ɗan Dangote abin da kuɗi zai cire min daga keke bai kai kilo biyar ba, alhali ga kilo goma nan ina yawo dashi a ƙarƙashin riga kyauta. Yaran shagon suka kwashe da dariya.

Amma gaskiya ɗaya ce, kabon da daɗi. Kana taka feda yana amsawa nan take, giya na shiga tsaf babu wannan ƙarar kar-kar, a gangara kuma birkin kamar ya san abin da ke ranka. Sakan 45 ne a agogo amma a jiki ji kake kamar an cire maka buhun siminti. Wannan daɗin ne ake sayarwa nake gani.

Laraba, 22 ga Janairu

Na fara fita Talata da Alhamis kafin in buɗe shago, ta wajen Legon inda titi ke da sauƙin mota da sassafe. Minti biyar da ƙarfi har sai magana ta gagara, minti uku a hankali, sau huɗu. Ƙurar hunturu ta sa min mura. Na daina indomi da ƙwai na sha biyun dare, ataya kuma kofin farko kawai, wanda ni a ganina shine horon da yafi duka ciwo don kofi na uku ai shine ataya. Uwargida tace za ta gani in zan kai Juma'a.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Sati biyu gwiwata ta dama tana min zugi ta gaba, har taka injin ɗinki sai na cije. Na ɗauka tirenin ne yayi yawa. Kawu yasa na hau ya riƙe min keken, ya kalle ni ta baya yace "wa ya saita maka sirdin nan, maƙiyinka?" Ashe shekara biyu ina zaune ƙasa kamar mai tuƙa keken 'yan makaranta. Yasa na ɗora dunduniya akan feda a can ƙasa, yayi ta ɗaga sirdin har ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkace ba, kusan santimita uku ya ƙara. Ko sisi bai karɓa ba.

Yau 23 da 20 akan nawa. Wato na wuce abin da nayi akan kabon sati uku da suka wuce. Gwiwa tayi shiru. Abin da ya rage wando mai soso, nawa ya mutu, da Kantamanto nake samo su cikin kayan gwanjo to tunda gobarar nan ta farkon Janairu ta cinye kasuwar wanda nake saya wajensa bai dawo daidai ba, Allah ya mayar musu da alheri. Na yanko soso a shago na ɗinka da kaina, ba kyau amma ana zama.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na kashe kuɗi, amma daga aljihu ba daga susu ba, Kawu yace wannan bai karya sharaɗi ba. Haƙoran baya na canza. Nawa babbansu 25 ne, na gaba ƙarami kuma 39, to a wurare masu tsauri sai in ga ina tura feda kamar mai daka sakwara, na ƙirga a minti ɗaya ƙafata bata wuce zagaye 55. Aka sa min mai 32 da sabuwar sarƙa. Yau na ƙirga a daidai wurin, kusan 78. Numfashi ne yake wahala yanzu ba cinya ba, kuma numfashi yana dawowa da wuri, cinya in ta cika ta cika kenan sai gobe.

22 da 05.

Sai dai anan lissafin ya fara cakuɗe min. Nawa ne na haƙora nawa ne na Talata da Alhamis nawa ne na kilo biyun da suka tafi (82 nake yanzu)? Kawu yace a canza abu ɗaya-ɗaya amma jiki ai baya tsayawa ya jira ka gama gwaji. Abin da dai na sani mai kabon ya raina haƙoran, yace faranti ne irin na tsofaffi, nace to tsohon yana zuwa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Daren jiya bes ya kama wuta, dole in rubuta kafin in manta. Mai kabon yazo da shirinsa, ya ciro waya ya nuna mana ƙarshen Tour de France na 1989. Ranar ƙarshe Laurent Fignon ɗan Faransa yana gaban Greg LeMond ɗan Amurka da sakan 50, saura tseren agogo na kilomita 24 da rabi daga Versailles zuwa Paris, kowa ya gama cewa an gama. LeMond ya fito da wasu ƙahonni a kan kekensa da yake kwantar da hannu akai ya tsuke jiki, ga hular kwano mai tsini ta baya, Fignon kuwa kai ba hula gashi ɗaure yana reto. LeMond ya cinye sakan 58 a ranar, ya ɗauki gasar sati uku da sakan 8. Mai kabon ya ajiye waya yace "chale, sakan takwas, kaya ne ko ba kaya ba?"

Nima ban zo hannu rabbana ba. Nace ka san Graeme Obree? Mutumin Sikotlan, a 1993 ya haɗa kekensa da hannunsa a gida har da boris ɗin injin wanki a ciki, yaje Norwe ya karya tarihin gudun awa ɗaya, kilomita 51.596, tarihin da Francesco Moser ya kafa tun 1984 da kaya na masu kuɗi. Nace injin wanki fa massa. Aka yi ta ihu ana buga benci.

Wani malamin makaranta da ke zama damu wani lokaci, baya hawa keke amma akwai karance-karance, shi ya kwance mu duka biyun. Yace labarin Obree ba naka bane Tela, don abin da ya bashi nasara yadda ya dunƙule hannuwa a ƙarƙashin ƙirji ne ya ɓuya wa iska, kuma keken ya ƙera shi ne musamman don ya iya wannan zaman. Sannan ya kawo na Chris Boardman wanda har yanzu yake min yawo a kai. Mutum ɗaya, fili ɗaya a Manchester. A 1996 da keken zamani da zaman miƙe hannu gaba yayi kilomita 56.375 a awa ɗaya. A 2000 da aka ce sai dai irin keken da Eddy Merckx ya hau a Meziko a 1972, yayi 49.441, mita goma kacal ya ɗara Merckx mai 49.431. Kusan kilomita bakwai tsakanin mutum da kansa. Mai kabon ya miƙe zai fara rawa malam yace zauna, wannan duk iska ce ba nauyi ba, kuma a gudun wajen kilomita hamsin a awa ne. Yace iska ba kamar nauyi take ba, in ka ninka gudu sau biyu turjiyarta sau huɗu take ninkuwa, ƙarfin da za ka kashe kuma sau takwas, shi yasa a dutse inda Tela ke rarrafe da kilomita 12 a awa kusan bata dame shi ba amma a shimfiɗaɗɗen titi ita ce sarki. Kuma mafi yawan abin da iskar ke bugawa ba keken bane, mutumin da ke kai ne, faɗin ƙirjinsa da kansa da rigarsa.

Rigarsa. Nan na daina jin sauran. Ni da nake ɗinki shekara goma sha shida ina hawa keke da rigar ƙwallo mai faɗi tana kaɗawa a bayana kamar tutar kamfen. Yau da safe kafin in taɓa aikin kowa na farke ta na rage ta gefe da gefe da hannuwa, ta kama ni ɗam. Uwargida ta leƙo tace in dai da wannan zan fita to in bi ta bayan layi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

A dutse rigar bata canza komai ba, 21 da 50. Amma a dawowa daga Oyarifa zuwa Adenta na kama ƙasan kan keken na sunkuya, wayata ta nuna na ƙara kusan 2 a awa akan yadda na saba kuma ban ji na ƙara wahala ba. Wuya da baya ne suka biya kuɗin, minti goma na kasa ci gaba da zaman. Ashe shi ma sunkuyon sai an koya wa jiki.

Lahadi, 16 ga Maris

Azumi yayi sati biyu, ɗinkin Sallah ya taso, ban rubuta komai ba don babu abin rubutawa. Talata da Alhamis sun koma ɗan zagaye na minti arba'in gab da shan ruwa. Barci awa huɗu in an samu.

Yau nayi wauta. Na hau sikeli naga 79, kilo biyar kenan ƙasa da ranar farko, fiye da bambancin kekena da kabon, sai shaiɗan ya raɗa min cewa yau zan karya 21. Na sha koko da ƙosai da sahur na ɗura ruwa na fita. Rabin dutsen ƙafa ta zama ta wani, bakina kamar an zuba gari, ina ganin wasu taurari-taurari. 23 da 50, kuma da na kai sama sai da na zauna a gefen kwalbati kusan rabin awa ina kallon masu kwakwa suna kallona. A trotro, motar haya, na dawo, kwandasta ya caje ni kuɗin mutum biyu saboda keken.

Kawu ransa ya ɓaci sosai, ban taɓa ganin haka ba. Yace "kai yaro ne? Mota ba mai ka cire mata kujeru kace za tayi gudu?" Yace kar ya ƙara jin na hau dutse da azumi a zafin Accra, in ba haka ba ya fita daga maganar. Na bashi haƙuri.

Alhamis, 27 ga Maris

Keke na jingine ƙura ta rufe shi. Kaftani goma sha ɗaya suka rage, kowa na cewa nashi ne na gaggawa.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Satin farko bayan Sallah 22 da ɗoriya nayi, jiki duk nama da cincin. Amma yau, sati biyu da komawa cin abinci da barci kamar mutane, 20 da 55. Sikeli 80. Ni kaina sai da na sake duba wayar. Kamar jikin ya ajiye duk wahalar Fabrairu a wani wuri yana jira a bashi abinci.

Na kuma canza taya ranar Laraba. Nawa siraran nan ne masu faɗin milimita 23, masu kauri kamar takalmin soja, kuma ina bankara musu iska har 120 don a tunanina taya mai tauri ita ce mai gudu. Kawu yace a titin da yake sumul kamar tebur ne wannan, a namu mai faci da tsakuwa taya mai tauri tsalle take yi, duk tsalle kuma ƙarfinka ne ke zubewa. Yanzu ko ƙwararrun Turai sun koma 28 zuwa sama. Ya samo min 28 masu laushi guda biyu, da ƙyar suka shige firam ɗin, muka sa iska 80. Tsada kam akwai, sidi dubu da ɗari biyu, wannan karon sai da na ranci kuɗin a wajen uwargida. A cikin duk abin da na saya wa keken nan tunda na mallake shi babu wanda naji a jiki irin wannan, hannuna ya daina mutuwa a gangara.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Tseren farko a rayuwata. Ƙaramin abu ne da wasu ƙungiyoyin masu keke suka haɗa a bayan gari, zagaye-zagaye a shimfiɗaɗɗen titi kilomita sittin, mu wajen arba'in. Na tafi da girman kai na, mutumin da ya zubar da minti uku a Aburi.

Kilomita 22 na daɗe a cikin ayari. Ba ƙarfi ne ya ƙare min da farko ba, tsoro ne. Ban iya manne wa tayar na gabana ba, sai in bar tazarar keke biyu don gani nake zai taka birki in hau kansa, to duk iskar da ya kamata ya tare min ni nake shanta, alhali wanda ya lafe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Ga kwana, duk kwana sai na taka birki fiye da kowa sannan in miƙe tsaye in kore su, sau ɗaya sau biyu sau goma, a na sha-wani-abu na miƙe naji babu kowa a gida. Ina kallo suka tafi, tazarar mita biyar ta zama hamsin, ni kaɗai da iska da wani mai okada yana min "yallabai ƙara wuta".

Abu biyu na gani da idona kuma sun saɓa wa juna. Akwai wani yaro da yazo daga arewa, keken ƙarfe ne dashi irin na da mai giya a jikin firam, takalminsa ma na ƙwallo ne, yaron nan bai taɓa fitowa gaba ba bai kuma taɓa barin tayar mutum ba, kamar kaska, ya gama cikin goman farko. Wannan ɗaya. Na biyu, biyar ɗin farko duk kabon ne da manyan wili masu faɗin baki, kuma da aka zo gudun ƙarshe yaron yana sunkuyawa neman giya a firam su kuwa da yatsa suke canzawa hannu na kan birki, kafin ya ɗago sun tafi. Da ƙyar in ba shi ne yafi su ƙafa ba. Na tuna lokacin wasannin Afirka da akayi nan Accra a Maris ɗin 2024 da muka je kallon tseren keke, yadda muka tsaya muna ƙare wa kayan baƙi kallo kamar 'yan ƙauye. Kuma Biniam Girmay na Iritiriya da ya ci matakai uku da koriyar rigar wanda yafi kowa maki a Tour de France na 2024 ai ba da keken ƙarfe ya ci ba, duk da dai ƙafar daga Asmara ya taho da ita. Bana ma gasar duniya a Kigali za'ayi a Satumba, karo na farko a Afirka, ina ta tunanin irin yaron nan nawa ne za su kalla a waya.

Mai kabon na sha huɗu yazo. Wani kuma mai keken da yafi na kowa tsada a wurin sarƙarsa ta tsinke tun zagaye na biyu, baƙa ƙirin da ita ba'a taɓa wankewa ba, ya dawo yana tura shi da hannu.

Da na ba Kawu labari bai ce komai akan kabon ba. Cewa yayi daga yanzu ranar Alhamis in daina fita ni kaɗai, in bi 'yan Madina in koyi zama a bayan taya har sai na iya shan ruwa a cikin ayari ba tare da na karkace ba.

Lahadi, 4 ga Mayu

Wata huɗu ya cika gobe. 20 da 05 akan tsohona, sikeli 78. Mai kabon 19 da 25. Yau ne karo na farko da na kai sama ina hango bayansa, ko kwakwar ba'a gama fasa masa ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun sake musaya kamar ta Janairu, da ƙyar ya yarda, sai da 'yan bes suka sa baki. Ni akan kabon 19 da 30. Shi akan nawa 20 da 10. Na riga shi kaiwa. Na riga shi. Na tsaya na sayi kwakwa biyu na riƙe masa tashi a hannu ina jira, da ya iso ko kallona baiyi ba yace sirdina ne yayi masa tsawo.

To ga inda abin ya kai ni kuma ban san ko dariya zanyi ba. A Janairu sakan 45 ɗin kabon ba komai bane don ratar minti huɗu da rabi ce tsakaninmu, ko an bani shi kyauta ina baya. Yanzu minti huɗu sun tafi, na Talata da Alhamis da indomi da sirdi da haƙora da taya duk a cakuɗe, abin da ya rage tsakanina dashi sakan 40 ne, kuma kusan duka suna cikin keken. Wato gardamar da na fara da ita a bes ƙarya ce ranar da na fara ta, yau kuma ta zama gaskiya. Na faɗa wa Kawu haka da la'asar yana cikin ɗaure wili, yayi dariya har sifana ta faɗi, yace "to Tela, yanzu ka isa kayi maganar keke." Yace alƙawari kaya ne, duk ranar da na shirya zai raka ni.

Susu ya kai 10,600. Na biya ta shagon jiya, kabon ɗin yana nan rataye, kwanan nan sidi yana ta ƙarfi dala na saukowa amma mai shagon yace shi da tsohon farashi ya sauke kayansa a Tema, 18,000 ko sisi ba ragi. Kawu yana ganin in nemi wili masu sauƙi hom yus in sa wa tsohon in riƙe canjin. Uwargida kuma ta tuna min da dubu da ɗari biyunta, ta kuma tuna min injin ofalok da nake cewa zan saya tun bara, ga babbar Sallah saura ƙasa da wata guda. Ban ba kowa amsa ba tukuna.

Wani yaron shagon Kawu ya tsegunta min wai ya ga mai kabon ranar Talata da asuba ta wajen Legon shi kaɗai, yana minti biyar-biyar, kuma wai ya tambayi kuɗin haƙora mai 32. Alhamis ƙarfe biyar da rabi zan haɗu da 'yan Madina a Zongo Junction.